Kafin Ka Ƙara wa Motar Tsere Girman Taya

Mu masu sana'ar taya mun san buƙatar da ta fi yawa a bakin masu motocin tsere idan tayoyinsu na asali suka cinye: a sa musu wadda ta fi faɗi, ko a canza wili zuwa wanda ya fi girma, don mota ta ƙara kyau kuma ta ƙara kama titi. Ra'ayina shi ne, a irin wannan mota girman taya ba ado ba ne, wani ɓangare ne na ƙirar motar kamar birki da giya. Wanda ke son ƙarin riƙon titi ya neme shi a ingancin robar, ya bar lambobin da kamfani ya rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba yadda suke.

A fara da karanta lambobin. Toyota GR86 tana fitowa da 215/45 R17 ko 215/40 R18. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 215. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 45 ko 40 cikin ɗari na wannan faɗin, ta uku kuma girman wili a inci. Idan aka yi lissafi, tsayin tayar farko gaba ɗaya kusan milimita 625 ne, ta biyu kuma 629. Wato da kamfanin ya ƙara girman wili sai ya rage gefen taya, don tsayin ya tsaya wuri ɗaya. Yanzu a ce wani ya sa 245/40 R18 saboda ya ga 40 da 18 ba su canza ba. Tsayin ya koma kusan 653, ƙarin da ya kusa kashi 4 cikin ɗari. Mitar gudu za ta nuna masa 100 alhali yana dab da 104, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, kuma tayar na iya goga jikin mota a kwana. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kwamfutar da ke hana birki kullewa da wadda ke daidaita mota idan ta fara zamewa, dukkansu da juyawar kowace taya suke aiki. Shi ya sa a sana'ar nan ba a son bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin ɗari, kuma a motar da ke ja da ƙafa huɗu ko wannan ma ya yi yawa idan tsakanin gaba da baya ne.

Za a ce ai kowa ya san taya mai faɗi ta fi kama ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake zato ba. Idan nauyin mota da yawan iska ba su canza ba, wurin da roba ke taɓa kwalta ba ya ƙaruwa sosai, siffarsa ce ke sauyawa, ya ƙara faɗi ya rage tsawo. Hakan na taimakawa a kwana kan busasshen titi. A ruwan sama kuwa taya mai faɗi tana da ƙarin ruwan da za ta ture, don haka ta fi saurin tasowa saman ruwa, sitiyari ya zama hoto a hannun direba. Tana kuma bin kowane tsagi da tudun da ke titi tana fizgar mota. Sannan ga wili: na GR86 faɗinsa inci 7.5 ne, ita kuwa 245/35 R18, wadda tsayinta ya yi daidai da na asali, tana buƙatar aƙalla inci 8. A matsa ta a kan ƙaramin wili sai cikinta ya yi tozo, gefunan zanen su daina zama sosai a ƙasa, an kashe kuɗi an sayi raguwa. Tarihin motar ma ya isa hujja. Toyota 86 ta shekarar 2012 ta fito da Michelin Primacy HP, tayar da ba ta tsere ba ce, shi ya sa bayanta ke saurin zamewa. Magajiyarta GR86 mai wili 18 tana zuwa da Pilot Sport 4, faɗin nan dai 215 ne, amma riƙon ba ɗaya ba.

A wasu motocin gaba da baya ba girmansu ɗaya ba, kuma da gangan ne. Porsche 911 Carrera S ƙirar 992 tana da 245/35 ZR20 a gaba da 305/30 ZR21 a baya, domin injinta a baya yake kuma can nauyin ya fi yawa. Ba a yi musu musanyar wuri, ba a kuma daidaita su don a samu sauƙin saye. Wasu na ganin alamomin kamfani, N ta Porsche, tauraron BMW, MO ta Mercedes, dabarar kasuwa ce kawai. Ban ce babu kasuwanci a ciki ba, kuma taya mai kyau marar alama ba za ta kifar da mota ba. Amma alamar na nufin an gwada wannan tayar a kan wannan motar, don haka ko a sa masu alama duka huɗu ko marasa alama duka huɗu iri ɗaya. Gauraya ita ce matsala.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta ramuka. Mai irin wannan mota a Kano ko Abuja yana da dalilin tsoron taya mai siririn gefe, don rami ɗaya kan fitar mata da ƙari ko ya lanƙwasa wili. Maganin shi ne a sauko zuwa ƙaramin wilin da kamfani da kansa ya amince da shi, kamar daga 18 zuwa 17 a GR86, muddin wilin zai wuce kan birkin ba tare da gogayya ba. An samu gefe mai kauri, tsayi kuma bai canza ba. Ƙara gefe a kan wili ɗaya shi ne kuskuren da aka lissafa a sama.

Saura lambobi biyu na ƙarshe, misali 95Y. 95 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 690, Y kuma gudun kilomita 300 a awa, W 270, V 240. Ana yawan cewa wa zai yi gudun 300 a titunanmu? Ba gudun kaɗai harafin ke nunawa ba, yana nuna yadda taya ke jure zafin da ke taruwa a cikinta, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta wasa. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta. Nan ne tayoyin Beljiyam, wato tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su daga waje, ke cutar da mutane. Da yawa daga cikinsu na hunturun Turai ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu an haɗa ta don sanyin ƙasa da digiri 7, a zafinmu sai ta yi laushi ta ƙara tsawon birki. Zane mai zurfi kuma ba ya nuna shekaru. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara da zarar ta yi shekara biyar a aiki, a cire ta idan ta kai goma komai kyan fuskarta.

Idan kuɗi bai kai huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a layi ɗaya, kuma idan girman gaba da baya ɗaya ne, sababbin su tafi baya. Kafin ka biya, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a ginshiƙi, ka gwada ta da abin da ke rubuce a gefen tayar, sannan mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi.