Fasalin Manhajar Na'urori Masu Daidaita Kansu

Akwai na'urorin da kwamfuta ke zaune a cikinsu, tana lura da abin da ke wakana a zahiri, tana kuma mayar da martani nan take. Irin waɗannan na'urori sun dogara ne a kan abubuwa uku: na'urar sansano, wadda ke auna yanayi, manhaja, wadda ke yanke shawara, sai na'urar zartarwa, wadda ke motsa wani abu.

Kyakkyawan misali shi ne birkin ABS, wanda kamfanin Bosch ya fitar a motocin Mercedes-Benz a shekarar 1978. Na'urar sansano tana auna gudun tayoyin mota. Da zarar manhaja ta lura wata taya na shirin ƙamewa, sai ta umurci bawul ya sassauta matsin man birki, sannan ya mayar da shi, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Ta haka ne birki ke daidaita kansa da busasshiyar kwalta ko hanya mai santsi, direba kuwa bai rasa ikon sitiyari ba.

A farkon shekarun 2000, masana a kamfanin IBM sun fayyace wannan aiki a matsayin zagaye mai matakai huɗu, wato sa ido da nazari da tsara mataki da zartarwa, duk suna ɗiba daga rumbun bayanai guda. Hikimar ware kowane mataki ita ce a iya gwada shi ko a sauya shi ba tare da an rushe sauran ba.

Sai dai manhaja takan zo da zaton da aka gina ta a kai. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta daga Kourou. An ɗauko mata manhajar auna tafiya ne daga Ariane 4, alhali gudunta ya ɗara na waccan, sai wani adadi ya fi ƙarfin ma'ajinsa, na'urar ta tsaya. Ta ko-ta-kwana ma ba ta tsinana komai ba, domin manhajarsu ɗaya ce, cuta ɗaya ta kama su. Babbar kwamfutar ta ɗauki saƙon kuskure a matsayin bayanin tafiya, ta karkatar da bakin injuna har ƙarshe.

Auna Fahimta
1. Bayyana aikin na'urar sansano da na na'urar zartarwa a birkin ABS.
2. Me ya hana na'urar ko-ta-kwana ceton Ariane 5?