Darasi: Ƙa'idojin Zama Ɗan Najeriya ga Baƙo, da Haɗarin Shaidar Zur



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci a nan Roni. Asalinsa mutumin Magarya ne a Nijar, amma ya haura shekara 20 tare da mu, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa. Ya ce: "Malam, yarona zai cike takardun makaranta. Ka taimaka ka shaide ni wurin mai unguwa cewa a nan aka haife ni." Na ce masa: "Baba, wannan kam ba zan iya ba. Amma zauna mu duba, wataƙila ma ba ka buƙatar ƙaryar."

Irinsa suna da yawa daga Kazaure zuwa Babura da Gwiwa, shi ya sa na ga ya dace mu yi darasi a kai. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kawo hanyoyi uku.

Ta farko, haihuwa (sashe na 25). Wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai a 1960, in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje kuma, ya isa ɗaya daga iyayensa biyu ya zama ɗan Najeriya. Ku lura: haihuwa a nan ita kaɗai ba ta wadatar, saɓanin Amurka. Ku kuma lura cewa uwa tana ba ɗanta wannan haƙƙi. Ka ga dattijon nan matarsa 'yar Roni ce gaba da baya, don haka 'ya'yansa 'yan Najeriya ne tun ranar da aka haife su.

Ta biyu, rajista (sashe na 26). Ta shafi matar da ɗan Najeriya ya auro daga wata ƙasa, da baligin da aka haifa a waje amma yana da kaka ɗan Najeriya. Sashen bai ambaci baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba.

Ta uku ita ce ta dattijon namu (sashe na 27), abin da Larabawa ke kira tajannus. Sharuɗɗanta bakwai:

1. Ya cika shekarun girma, da hankalinsa.
2. Ya zama mai halin kirki.
3. Ya nuna a fili cewa a nan yake nufin zama.
4. Gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da rayuwarsu.
5. Ya kasance ya amfani ƙasa, ko zai iya amfanarta.
6. Ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa.
7. Ya zauna shekara 15 a jere kafin ya nema. Ko kuma wata 12 a jere, tare da zaman da jimillarsa ta kai shekara 15 cikin shekara 20 da suka gabaci watannin nan.

Ana nema ta ma'aikatar harkokin cikin gida, shugaban ƙasa ne ke ba da takardar. Wanda ya samu ta wannan hanya ba zai tsaya takarar shugaban ƙasa ko gwamna ba, domin waɗannan sai ɗan ƙasa ta haihuwa. A kuma sani, lambar NIN ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, don baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana yi masa.

To ina ruwan liman da wannan? Ku sake duba sharaɗi na biyu da na huɗu. Wa ya san halin mutum? Ai mu ne: maƙwabta, liman, mai unguwa, dagaci. Shaida ce, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Ka ce an haifi mutum inda ba a haife shi ba, zur ce, ko da tausayi ne ya sa ka. Ranar da asiri ya tonu kuma, yaron ne zai rasa gurbin karatu ko aikinsa.

Ɗaya ɓangaren ma laifi ne: ka san mutum shekara 20 da gaskiya da riƙon amana, a tambaye ka, ka noƙe don kawai "ɗan Nijar ne". Ɓoye shaida ke nan, Alƙur'ani ya hana. Mutanen Madina da suka karɓi Muhajirai ba haka suka yi ba. Mu da mutanen Damagaram da Maraɗi, Turawa ne suka ja layi tsakaninmu, amma layin ya zama doka, kuma gaskiya ce za ta fisshe mu a ciki.

Dattijon nan na ce masa ya je ya faɗi gaskiya game da yaron da mahaifiyarsa. Shi kuma in ya tashi neman tasa takardar, ni ne farkon wanda zai shaidi halinsa.

Allah Ya tsare harsunanmu. Wallahu a'alam.