Yadda Ake Kwashe Wasu Teburori Kaɗai Daga MySQL

Tambaya: Malam, teburori biyu kawai nake so in kwashe daga rumbun bayanan shagonmu, tare da tsarinsu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, mysqldump ta ishe ka. Bayan sunan rumbun, jero sunayen teburorin:

mysqldump -u root -p shago kaya ciniki > ajiya.sql

In tsarin kaɗai kake so, ƙara --no-data. In ana tsaka da ciniki, kuma teburorin InnoDB ne, sa --single-transaction don kada a kulle su.

Amma don Allah ka kula: fayil ɗin yana ɗauke da DROP TABLE IF EXISTS. Ka loda shi inda akwai tebur mai suna "kaya", tsohon ya tafi ke nan, har da lissafin da ke cikinsa. Fara gwadawa a sabon rumbu tukuna.