Yadda Kirista Zai Raya Bangaskiyarsa Kullum a Malanville

Malanville gari ne da ba ya jiran kowa. Kasuwarsa ita ce ta biyu a girma a ƙasar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma tana cika maƙil ne a ƙarshen mako, lokacin da ake son mai bi ya kasance a majami'a. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, neman abinci ya ƙara wuya: wanda a da yake haye gada zuwa Gaya cikin 'yan mintoci ya koma bin kwale-kwale. Kiristoci kuma 'yan kaɗan ne a garin, da yawa aiki ne ya kawo su daga kudu, sun baro iyaye da ikkilisiyar da suka tashi a ciki. A irin wannan zama, wanda ya dogara da sujadar Lahadi kaɗai zai wayi gari ya ga zuciyarsa ta yi sanyi. Gonar shinkafa ta bakin kogi ba ta rayuwa da ban ruwa sau ɗaya a mako, bangaskiya ma haka take.

Fara da tsayar da lokaci. Wannan shi ne matakin da sauran suka dogara a kansa, shi ya sa zan daɗe a kai. Yawancinmu muna cewa "zan yi addu'a in na sami sarari", sarari kuwa ba ya samuwa ga mai shago ko ɗan kabu-kabu. Garin nan ya riga ya ba ka agogo kyauta. Kiran sallar asuba yana shiga kowane ɗaki. In maƙwabcinka Musulmi ya tashi ya ɗauki buta, kai ma ka tashi ka wanke fuska, ka zauna gaban Ubangiji. Ba kwaikwayo ba ne. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa yana fita tun da sauran duhu ya nemi wurin da ba kowa domin addu'a, Daniyel kuwa sau uku yake durƙusawa a rana yana baƙo a ƙasar Babila. Ni dai ina ganin riƙon lokaci da maƙwabtanmu suke yi abin girmamawa ne, ya kamata ya zaburar da mu. Minti goma sha biyar sun isa a farko. Kada ka ɗaukar wa kanka sa'a guda, domin kwana uku za ka yi ka gaji. Ka ware wuri ɗaya kuma: tabarma a gefen ɗaki, ko benci a tsakar gida a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ba ya barin kowa ya zauna a ciki. Waya ta kwana nesa da hannunka, in ba haka ba saƙonnin WhatsApp za su riga Allah jin muryarka.

In ka zauna, buɗe Littafi Mai Tsarki kafin ka buɗe baki. Ka bar ɗabi'ar buɗewa ko'ina ka karanta abin da ido ya faɗa a kai. Ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko har ƙarshe. Bisharar Markus ta fi dacewa da mai farawa, surori 16 ne kawai, labarin kuma yana tafiya da sauri. Rabin sura a rana ya wadatar, cikin kwana talatin da biyu ka gama, sai ka shiga Luka. Karanta da ƙarfi yadda kunnenka zai ji, sannan ka tambayi kanka abu biyu: me wannan ya nuna mini game da Allah, me kuma zan yi da shi kafin rana ta faɗi? Rubuta amsar a ƙaramin littafi, ko layi ɗaya ne.

Karanta da harshen da kake mafarki da shi. Wasu suna tilasta wa kansu Faransanci don ganin ya fi daraja, alhali rabin maganar tana wuce su. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun mutane tun 1932, an kuma sake fassara shi daga baya cikin Hausa mai sauƙi. Wanda bai yi makaranta ba, kada ya ce an bar shi a baya: akwai karatun murya da ake sawa a waya, gidan rediyon TWR da ke kusa da Parakou yana watsa shirye-shirye da Hausa, yaron gida ɗan makaranta ma zai iya karanta wa kakarsa, su biyun su amfana.

Sai addu'a. In ba ka san ta inda za ka fara ba, bi Addu'ar Ubangiji da ke Matiyu sura 6 a hankali, kana tsayawa a kowace gaɓa kana saka naka. Wajen abincin yau, ambaci buhun albasar da ya kwana biyu bai sami mai saye ba, da kuɗin makarantar yara. Wajen gafara, kira sunan wanda ya ci maka bashi ya ɓuya. Yi roƙo domin masu haye kogi, da sojojin da ke tsaron arewacin ƙasar, da maƙwabtanka Dendawa, Fulani da Zabarmawa, kowa da sunansa. Mai tafiya hanyar Kandi ya karanta Zabura 121 kafin ya shiga mota.

Da rana, ɗauki aya ɗaya ka fita da ita. Rubuta ta a guntun takarda ka sa a aljihu, in an kira azahar ka ciro ka maimaita sau biyu. Karin Magana yana da surori 31, ga ɗan kasuwa kuwa babu kamarsa. Sura 11 ta buɗe da gargaɗi a kan ma'aunin zamba. Mace mai auna shinkafa da ta karanta wannan da safe za ta ji nauyin buga gindin mudu da tsakar rana. A garin da ba kowa ne zai taɓa shiga majami'a ba, mudunki, 'yar'uwa, shi mutane suke karantawa.

Da dare, bayan tuwo, tara iyali. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu gajere, kowa ya faɗi abin godiya guda, har ƙaramin yaro. Minti goma. Kafin ka kwanta, duba yininka: ina ka yi ƙarya, wa ka ɓata wa rai? Afisawa 4:26 ta hana a bar fushi ya kwana, saboda haka in da kai da maiɗakinka kun sami saɓani, a gyara a daren.

Kada ka yi tafiyar nan kai kaɗai. Nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai tambaye ka kowane mako, "Ɗan'uwa, ina ka kai a karatu?" Ko kana ƙarƙashin dayosis ɗin Katolika na Kandi, ko ikkilisiyar UEEB ko wata, shiga ƙungiya guda a ciki, zumuntar mata, matasa ko mawaƙa. Batun Lahadi da kasuwa kuwa, shirya tun daren Asabar: je sujadar farko, sannan ka buɗe shago. Cinikin sa'a biyu bai kai a sayar da taron 'yan'uwa ba.

Za ka yi fashi, wannan babu shakka. Ciwo zai zo, tafiya za ta taso, wata safiya barci zai fi ƙarfinka. Kada ka ce sai farkon wata ko sabuwar shekara, kada kuma ka tara bashin surori ka ce za ka biya a dare ɗaya. Ci gaba daga inda ka tsaya. In kuma har yanzu ba ka fara ba, ɗan'uwa, nemo Littafinka yau, ka sa alama a Markus sura ta ɗaya, ka gaya wa mutum ɗaya a gidanku ya tashe ka gobe da asuba.