Darasin Kimiyya: Me Ake Saye a Osiloskop Mai Tsada?

Ɗalibai, mitar hannu da kuke gani wurin mai gyaran rediyo lamba ɗaya take bayarwa: bolt kaza. Osiloskop kuwa zana wutar yake yi a allo, ku ga hawanta da saukarta. Tushensa shi ne bututun gilashin da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. Kamfanin Tektronix na Amurka, wanda aka kafa a 1946, shi ya yi fice da samfurin 511 mai tsayar da zanen cak a allo.

To, mu duba farashi. Rigol DS1054Z, ƙirar ƙasar Sin, ya fito a kan kusan dala 400. Keysight UXR mafi girma ya haura dala miliyan ɗaya. Me ya kawo wannan tazara?

Babban dalili shi ne iyakar sauri, wadda ake rubutawa a goshin na'urar. Ta Rigol ɗin 50 MHz ce, wato zagaye miliyan 50 a daƙiƙa. Ta Keysight ɗin 110 GHz ce, ninki 2,200 ke nan. Ku lura da kyau: a daidai wannan iyaka na'urar ta riga ta fara rage gaskiya. Idan sigina mai bolt 10 ya zo da saurin 50 MHz, wajen bolt 7 Rigol zai nuna. Shi ya sa injiniyoyi ke bin ƙa'idar ninki biyar: iyakar na'ura ta ninka saurin sigina sau biyar. Dalili kuwa, sigina mai kusurwa irin na kwamfuta haɗin igiyoyi ne, akwai ta asali, da mai ninkinta uku, da mai ninki biyar, har gaba. In na'ura ta kasa ganin na saman, sai kusurwoyin su lanƙwashe a allo, ka ɗora wa da'irar lantarkin da kake aunawa laifin da ba nata ba.

Na biyu, kaifin gani. Na'ura mai bit 8 tana raba tsayin allo gida 256, mai bit 12 kuwa gida 4,096. Sai ƙarancin hayaniya, da takardar shaidar daidaiton awo da masana'antu ke nema.

An ce araha ba ta ado, amma a nan da sauƙi. Wutar gidajenmu zagaye 50 kacal take yi a daƙiƙa. Mai gyaran inbata da ke son sanin ko wutar tana fita sumul ko tana tsalle kamar matakala, mai dala 400 ya ishe shi har da rara. Mai dala miliyan na masu ƙera guntun kwamfuta ne da kayan sadarwa masu tsananin sauri. A ganina, mai gyaran ya fi bukatar kashe kuɗinsa a kan tsinken awo na musamman mai auna bambanci tsakanin wurare biyu, domin ɗan maƙalen tsinken yau da kullum a haɗe yake da wayar ƙasa ta soket. Ka maƙala shi a waya mai wuta, sai tartsatsi, na'ura ta ƙone, mai arha ce ko mai tsada.

Aikin gida: allon lantarki na Arduino Uno na asali yana aiki da agogo mai 16 MHz. Ku lissafa iyakar saurin da ake bukata bisa ƙa'idar ninki biyar, sannan ku faɗa ko Rigol ɗin nan zai wadatar.