Darasi: Hoto Ma'ajiyar Tarihin Gida da Gari

Darasinmu na wannan fitowa a kan hoto ne. Ba hukuncinsa za mu tattauna ba, wannan fagen malamai ne, kowacce ta tambayi malaminta. Abin da muke so ki lura da shi 'yar'uwa shi ne, hoto shaida ne, amma shaidar da ba ta magana sai an rubuta mata suna da wuri da shekara.

Hoto da gari

Mu ɗauki misali da Ƙofar Doka, wadda Zazzagawa ke kira Ƙofan Doka, ƙofar da ake bi daga birnin Zariya a fita Tudun Wada. Ki tambayi wata dattijuwa yadda wurin yake lokacin ƙuruciyarta, sannan ki je ki duba da idonki. Ganuwa ta zaizaye a wurare da dama, gidajen ƙasa masu zankwaye sun koma na bulo da kwano. Ɗanki zai ɗauka haka garin yake tun fil azal, in ba hoto aka nuna masa ba.

Wasu sun hango wannan tun da wuri. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya ya ɗauke su hoto, har da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830. An buga aikinsa a 1990. Shi kuma Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen birnin Zariya yana ɗaukar zane-zanen bango, littafinsa a kan haka ya fito a 2007. A watan Agusta na 2023 wani sashe na wannan masallaci ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan su. Daga ranar nan irin waɗancan hotuna suka ƙara daraja, don su ne ke nuna bakan-gizo da daurin guga kamar yadda magina suka bar su.

Hoto da asali

Kada ki ce ai wannan harkar Turawa ce da manyan gine-gine. J. D. 'Okhai Ojeikere ɗan Nijeriya ne, daga 1968 ya fara ɗaukar hoton kitso da gyaran gashin mata, har ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Sau da yawa ta ƙeya yake ɗauka, ba a ganin fuska, kitson kawai. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948, yau daga hotunansa ake sanin irin atamfa da ɗaurin ɗankwalin matan wancan lokaci. Ashe abin da muke rainawa, kitso da zane da jeren kwalla da langa a ɗakin amarya, shi ne tarihin mata. Littattafan tarihi sun kawo jerin sarakuna, amma wa ya rubuta yadda ɗakin kakarki yake?

Inda matsalar take

Kusan kowane gida akwai tsofaffin hotuna a ƙasan akwati ko adudu: na suna, na saukar Alƙur'ani, na dawowa daga Makka, na hawan sallah. Mutum ɗaya ko biyu ne suka san waɗanda ke ciki. Ranar da suka kwanta dama, shi ke nan, hoton ya zama na baƙi. Ga gara da danshin damina. Na waya kuwa, waya ta faɗi ko a sace, hotunan shekara biyar su bi ruwa.

Abin yi

1. Ki fito da hotunan, ki zauna da Hajiya ko Gwaggo ko Inna, ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya.
2. Ki rubuta a baya da fensir, ba da biro ba, don tawada kan huda takarda: sunan kowa, dangantakarku, unguwa, shekara. In ba a tuna shekara ba, a kwatanta da abin da aka sani, misali zamanin Sarki Shehu Idris, daga 1975 zuwa 2020.
3. Ki ajiye su a albam, nesa da rana da danshi, ki ɗauki kwafinsu da waya ki ba wata 'yar'uwa ta adana.
4. Kafin a rushe tsohon zaure ko soro, a ɗauke shi hoto ciki da waje.
5. Hoto amana ne. Kada ki ɗauki wata ba da izininta ba, kada ki yaɗa hoton da aka ɗauka a cikin gida babu lulluɓi.

Aikin gida: kafin fitowa ta gaba, ki zaɓi hoto uku ki rubuta bayaninsu, ki karanta wa yaranki. Wanda ya san danginsa shi ke iya sada zumunci. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.