Hakkin Yaro a Wuyan Mai Bi

Ya kai mai karatu, ka tuna da shekarar 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ba a sani ba akwai gubar dalma a ciki. Yara suka shaƙi ƙurar, wajen 400 suka mutu. Likitocin MSF suka zo daga nesa, suka yi wa sauran magani, ba su tambayi addinin kowa ba.

To, in baƙo ya yi haka, kai mai bin Almasihu fa? Gama baikon ikilisiya ba na 'ya'yanta kaɗai ba ne. Ka ba da gwargwadon ikonka, kuma kada ka yarda a niƙa dutse inda yara suke wasa.